Bashmuhandis Haruna Yana Raye, Kuma Ni Ce Na Rubuta Rahoton

Jama'a, yana raye!

Bashmuhandis Haruna yana raye. Wallahi tallahi yana raye.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsugune gaban murhu a tsakar gidanmu a Umdurman, nan Sudan, ina jiran shayi ya tafasa, sai ga saƙon murya daga lambar da ban sani ba. Saura kaɗan in goge shi, don kwanan nan kowa da irin ƙaryar da yake turo wa mutane. Na dai danna.

"Safiya, Nafisa ce, 'yar Baba Haruna. In kina raye ki kira ni. Baba na nan."

Shayin nan ya tafasa ya zube ya kashe garwashin, ban ma sani ba. Inna ta fito daga ɗaki tana salati, ta ɗauka wani ne ya rasu, saboda irin ihun da na kurma. Na ce, "Inna, ba mutuwa ba ce! Wanda muka yi wa sadakar uku ne ya aiko!"

Ku da kuka daɗe tare da ni a shafin nan kun tuna, shekara biyu da wani abu ke nan na sa hotonsa na rubuta Innalillahi. Kun yi mini ta'aziyya, Allah ya saka da alheri. Mun yi masa salla ba gawa, mun dafa balila, hatsi da wake irin na sadaka, mun raba wa maƙwabta.

In kun ga kuskure a rubutun, ku yi haƙuri da ni.

Amma akwai abin da ban faɗa muku ba a wancan rubutun. Ni ce na sa aka raba shi da aikinsa. Ni na rubuta rahoton da aka kore shi a kai. Bai sani ba, ban kuma taɓa ce masa ya yafe mini ba. Duk tsawon lokacin nan na ɗauka maganar sai a lahira.

Na kira lambar ɗazu. Zan gaya muku yadda muka yi, amma sai kun fara sanin ko wane ne shi.

Da na gama jami'a aka tura ni sashen da ke kula da na'urorin jiragen sintiri na kogi. Wurin gyaranmu a Alshajara yake, bakin Farin Nil, tsakanin masu walda da masu gyaran injin. Ranar farko na shiga da sabon takalmi da jakar kwamfuta, ina jin duk Khartum babu kamata.

Wani dattijo siriri ya karɓe ni da Larabci, ƙafar tabaransa ɗaya ɗaure da wayar lantarki. Aka ce shi ne babban injiniya, Bashmuhandis, kamar yadda ake kiransu a nan. A raina na ce, wannan?

Da hantsi Inna ta kira ni. Na koma lungu ina amsa mata ƙasa-ƙasa, don a lokacin kunyar yin Hausa nake a gaban mutane, Allah ya yafe mini. Sai na ji murya a bayana, da Hausa rangaɗaɗau:

"Ki gaishe ta. Ki ce mata ta kwantar da hankalinta, yarinyarta ta faɗo hannun 'yan gida."

Wayar ce ta kusa suɓuce mini.

Kakansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Haɗeja zai tafi Makka. Ya iso bakin kogin nan ya ga kifi, ya ce bari ya ɗan huta. "Hutun ke nan muke yi har yau," in ji Bashmuhandis. Babansa masunci ne, shi ma sai da ya ja taru, babbar ragar kamun kifi, kafin ya riƙe biro.

Ni kaɗai ce mace a wurin. Kashegari na zo na tarar ya kafa labule a bayan durowar kayan aiki, ya shimfiɗa darduma.

In an kawo fatur, abincin hantsi, mazan nan sukan afka wa kwanon wake kamar an yi musu gorin ci. Shi kuwa sai ya rufe kwanon da tafin hannu ya ce, "A tsaya! A cire na Safiya tukuna."

Watana na biyu na haɗa waya a juye, na ƙone wani allo mai tsada. Hayaƙi ya tashi. Da shugaban sashe ya zo yana faɗa, Bashmuhandis ya cire tabarau yana gogewa ya ce, "Idon nan nawa ne ya fara tsufa, janabu, ranka ya daɗe." Bayan an watse ya miƙo mini allon ya ce, "Ajiye shi a jakarki. Duk injiniyan da bai taɓa ƙona komai ba bai fara aiki ba."

Wannan mutumin na yi wa abin da na yi. Ku riƙe wannan.

To bari in gaya muku na'urar, don ita ce tushen maganar. Kai jama'a, na so na'urar nan! Har gobe in na tuna ta sai tsigar jikina ta tashi.

Kun san sandar nan da ke juyawa a saman jirgin sintiri? Ita ce rada. Tana harba igiyar da ido ba ya gani, igiyar ta bugi abu ta dawo, sai abin ya fito a sikirin kamar ɗigo. Wannan tsohon yayi ne. Tamu sabuwa ce, ba a nan ta tsaya ba. Takan kama kowane ɗigo ta ba shi lamba, ta bi shi. Ta lissafa gudunsa, da inda ya dosa, da yadda zai kusanto ka, da minti nawa ya rage ku haɗu. Sai ta yanke masa hukunci da launi. Kore, ba ruwanka da shi. Rawaya, sa masa ido. Ja, barazana ce: ƙararrawa ta ɗau kuka, masu bindiga su koma wurarensu.

Ɗigo talatin a lokaci guda, ba ta rikicewa, ba ta gyangyaɗi, ba ta zuwa shan shayi. Ya salam!

Sai dai don teku aka ƙera ta, mu kuma muka ɗora ta a kan Nil. Lokacin cikar kogi curin ciyawa yakan taho kamar ɗaki guda, sai ta ba shi lamba ta yi ta binsa da gaske. Wata rana ta ba mataccen jaki rawaya. Sati guda ana kiran jakin nan "ɗan fasa-ƙwauri mai lamba tara".

Ni dariya nake yi. Bashmuhandis ba ya dariya sosai, saboda ya san abin da ban sani ba.

Masuntanmu suna da wata ɗabi'a. In sun shimfiɗa taru, sukan zagaya da kwalekwale su yi rabin da'ira, sannan su tsaya su jira. To in suka ji ƙarar babban jirgi ya doso wajen, ba sa gudu. Tayar da injin suke yi, su nufo ka kai tsaye da iyakar gudunsu, su sa kwalekwalen tsakaninka da tarun, ɗaya ya miƙe yana kaɗa riga. Ai tarun nan shi ne gonar gida guda, in farfelar jirgi ta yanka shi an gama da su. Haka iyayensu suka yi, haka kakanninsu suka yi.

Yanzu ku duba da idon na'ura. Ƙaramin jirgi yana tsaye, ba zato ya tashi, ya miƙe sak ya nufo ka, gudunsa na ƙaruwa, ba ya kaucewa. Me za ta kira wannan? Hari. Ja wur.

In rana na haske ba matsala, ido zai ga rigar. In ruwa ya sauko fa, ko hazo ya rufe kogi?

Sau uku Bashmuhandis yana rubuta takarda sama a kan maganar nan, ba wanda ya amsa masa. Sai ya shiga cikin setin na'urar da kansa ya ƙara mata doka ɗaya: duk ɗigon da ya yi rabin da'ira ya tsaya kafin ya taso, a bar shi a rawaya, kar a buga ƙararrawa sai mutum ya duba. Ba izini, ba sa hannun kowa.

Ni na gano, ina binciken wata-wata. Na same shi a gaban ma'aikata, da takardata a hannu, na ce, "Bashmuhandis, wa ya taɓa wannan?"

Ya ce, "Ni ne. Bar shi haka, 'yata."

Na ce ai masu fasa-ƙwauri ma za su iya koyon yin rabin da'irar. In suka gane, sun sami ƙofa, mutanenmu ne za su mutu.

Ya ce, "Gaskiyarki. Amma ɗan fasa-ƙwauri sau ɗaya a shekara zai nufo ki, masunci kuwa kullum." Sai ya yi murmushi ya ƙara da cewa, "Injiniyar littafi, ki fara shiga kwalekwale tukuna."

Aka kwashe da dariya. Dariyar nan ce ta ci ni.

Kun san halina, in raina ya ɓaci ba na ganin gabana. Na gaya wa kaina tsaron rayuka nake yi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ni na san abin da ya zaunar da ni gaban kwamfuta ranar nan. Shafi huɗu na rubuta, da jadawali da komai, tsaf yadda shi ya koya mini. Na roƙi kar a bayyana sunana.

Na ɗauka gargaɗi za a yi masa. Wallahi abin da na ɗauka ke nan.

Cikin kwana goma aka sallame shi, bayan shekara ashirin da wani abu yana aikin. Ya ɗauka binciken kamfanin da ya kawo na'urar ne ya tona shi. Ranar da zai tafi ya zo teburina ya ajiye mini abin lanƙwasa wayarsa mai jan hannu, ya ce, "Ki kula da yaran nan." Na'urorin yake nufi.

Ni aka sa na cire dokarsa, da hannuna.

Bayan sati uku, a tsakiyar damina, kogi ya cika ya batse, muka fita sintiri kudu da Alshajara. Ni ce a gaban sikirin. Da la'asar hadari ya haɗo, kafin mu juya ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Hancin jirginmu ma da ƙyar ake gani.

Sai ƙararrawa.

Ɗigo na sha huɗu. Ja! Ya taso daga hannun dama, ya miƙo kanmu sak, gudunsa na hawa. Na'ura ta rubuta: saura minti ɗaya da rabi.

Hafsan da ke jagorantar jirgin, wani matashin mulazim, wato laftana, ya daka tsawa, na ji ana ɗana bindigogi a waje. Ya juyo gare ni ya ce da Larabci, "Bashmuhandisa, mene ne wannan? Yi magana!"

Littafi ya ce ja ja ne. Saura minti ɗaya.

Abin da ya faɗo mini shi ne wata magana da Bashmuhandis ya sha yi mini ina jin ta kamar surutun tsofaffi: "Na'ura inda abu zai je take tambaya. Ke ki tambayi inda ya fito."

Na danna maɓallin sawu, wanda ke nuna hanyar da ɗigo ya biyo a baya. Layi ya fito a sikirin.

Rabin da'ira! Ga ta nan lanƙwashe, ga inda ya tsaya ya jira, ga inda ya taso.

Na ƙwala ihu, "Masunta ne! Kar ku harba! A kashe injin, akwai raga a gabanmu!"

Mulazim ya ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "In ba su ba ne, ka fara da ni!"

Allah ya saka wa yaron nan da alheri duk inda yake, ya ɗaga hannu ya ce a dakata. Injinmu ya mutu. Ba ka jin komai sai ruwa a kan rufi da ƙararrawar nan da ta ƙi yin shiru. Sai ga kwalekwale ya ɓullo daga cikin ruwan, dab da mu. Wani tsoho a tsaye, ba riga a jikinsa, rigar na hannunsa yana kaɗawa. 'Ya'yansa biyu magidanta na zaune a bayansa, ɗaya riƙe da injin.

Yana ihu da Hausa: "Taru! Taru! Ku makafi ne? Wace irin tsiya ce wannan!"

Bai ma ga bakin bindigogin ba, tarunsa kawai yake gani. Na leƙo ta taga, ruwa na dukan fuskata, na ce, "Baba, yi haƙuri, mun gani, mun tsaya!"

Ya yi sororo. Ya ce, "Af! 'Yar gida ce a ciki? To ki gaya musu su ja baya a hankali, kar su juya ta hagu."

Muka ja baya a hankali. Ko zare ɗaya ba mu tsinka ba. Ni kuwa na koma na zauna a ƙasan jirgi na yi ta amai.

Mutum uku, jama'a. Da dokar Bashmuhandis na nan, ko ƙararrawar ba za ta buga ba.

Kun san abin da na yi kashegari? Na shiga setin na mayar da dokarsa yadda take, a duk jiragen. Ba izini, ba sa hannun kowa. Abin da aka kore shi a kai, shi na yi, ni kuma ba wanda ya rubuta rahoto a kaina.

Za ku ce daga nan na ruga wurinsa. Ina! Wata takwas na yi ina cewa gobe. Na ji ya buɗe ɗan shago a kasuwar Umdurman yana gyaran rediyo da wayoyi. Sau biyu ina hawa raksha, keke mai ƙafa uku, har bakin layinsu, in hango shi sunkuye da tabaransa, in ce wa mai raksha mu wuce.

Sai cikin azumi na ce yau kam ko me zai faru. Ranar Alhamis ce.

Da ya gan ni ya miƙe har yana ture kwalin sukurori. "Safiya! Injiniyar littafi! Lale, lale!" Ya share mini benci da hularsa.

Na ce bari in fara da labarin ɗigo na sha huɗu, in ya so in gangaro kan maganar. Kai! Ashe kuskure na yi. Mutumin nan ya rikice don murna. Ya yago bayan kwali ya ba ni biro ya ce, "Zana mini! Ina kuke? Shi ina ya tsaya? Ruwa ta ina yake bugowa?" Na zana. Ya bi lanƙwasar da yatsa, ya buga cinya.

"Kin duba baya! Allahu Akbar, kin duba baya!"

Ya kira mai shagon kusa, ya kira tela, ya kira wani mai wucewa da bai san hawa ba bai san sauka ba. "Ku zo ku ga 'yata! Rai uku ta tsamo da yatsa ɗaya!" Sau uku yana sa ni in maimaita inda tsohon ya ce mu makafi ne, kowane karo sai ya yi dariya har da tari.

Ina ta jiran ya numfasa in sa baki. Da mutane suka watse ya zauna, sannan ya ce, "Kin san duk cikin waɗanda muka yi aiki tare, ke kaɗai kika tako nan? Allah ya yi miki albarka."

Ku gaya mini, ta ina zan fara bayan wannan?

Aka kira la'asar. Ya ɗauko wata 'yar leda ta hilu-mur, abin jiƙawa a sha ruwa da shi, ya ce in kai wa Inna. Na ce, "Bashmuhandis, akwai maganar da nake so mu yi."

Ya ce, "To faɗi mana."

Na ce, "Ba ta gaggawa ba ce. Zan dawo ranar Asabar."

Ya ce, "Allah ya kai mu. Ki taho da kwalin nan, ban gama kallonsa ba."

Ranar Asabar ɗin da ƙarar bindiga gari ya tashi, yaƙi ya ɓarke. Sauran kun sani, kowa a nan yana da nasa labarin. Muka gudu, muka yi ta yawo garuruwa. Wurin gyaranmu ya zama kufai, jiragen ban san inda suka ƙare ba. Bayan 'yan watanni wani maƙwabcinsu ya ce bam ya faɗa gidansu a Alshajara, da idonsa ya ga an fito da Bashmuhandis a cikin bargo, ba ya motsi.

Ashe ba gawa aka ɗauka ba. Nafisa ta ba ni labari ɗazu. Jininsa ne ya hau da abin ya fashe, ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Dangin babansa masunta suka sa shi a kwalekwale, ita tana riƙe da kansa, suka yi kudu da shi kwana da kwanaki, har wani ƙauye a bakin Farin Nil inda ba netwok ko na rantsuwa. Can suke tun lokacin. Ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki. Satin nan aka gyara ƙarfen sadarwa na yankin, ta buɗe ɗan littafinsa na lambobi tana bi ɗaya bayan ɗaya. Ta ce lamba goma sha ta kira kafin tawa, ba wadda ta shiga.

Muka yi kuka, muka yi dariya, muka yi ta kiran sunan juna kamar mahaukata. Ta ce yana ji, yana ganewa, magana ce dai sai kalma ɗaya-ɗaya da ƙyar. Ta ce da ta ambaci sunana ya bubbuga katifa da hannun hagu.

Ta ce, "Ga shi, na sa masa a kunne."

Na ji numfashinsa. Jama'a, numfashinsa na ji!

Zuciyata ta ce, bari sai kin je, wannan ba maganar waya ba ce, mutumin ba shi da lafiya. Na gane muryar nan sarai, ita ce ta ce mini gobe har wata takwas. Na ce mata yau kam ba ki isa ba.

Na ce, "Bashmuhandis, Safiya ce. Rahoton nan da aka sallame ka a kai, ba kamfani ba ne. Ni na rubuta. Kai ke da gaskiya, ni kuma haushin dariyar da aka yi mini ne ya ɗebe ni. Na zo shagonka don in faɗa, na kasa. Don girman Allah ka yafe mini."

Shiru.

Na duba wayar ko ta katse, ba ta katse ba. Ina jin kaza na kuka can nesa a gidansu.

Sai muryar Nafisa, amma ba irin ta ɗazu ba. Ashe ta sa wayar a sifika, ta ji komai.

Ta ce, "Ashe ke ce."

Na ce, "Ni ce."

Ta ce, "Kin san wata nawa ya yi yana shirin fita aiki da safe, sai ya sa takalmi ya tuna? Kin san sunanki kawai yake kira in ana maganar mutanen kirki?"

Na ce, "Me yake yi?"

Ta ce, "Ya juya fuskarsa bango. Hawaye yake yi."

Bai sani ba, jama'a. Wani ɓangare na zuciyata ya daɗe yana lallashina cewa ai ƙila ya sani tuntuni, ya yafe a ransa, dattijo ne. Ƙarya ne, bai taɓa kawo ni a ransa ba. Yau na ɗora wa mara lafiya abin da ban iya ɗora wa mai lafiya ba, kuma ban sani ba ko daidai na yi.

Sai na ji wani sauti daga maƙogwaronsa, ya yi ya kasa, ya sake. Nafisa ta ce, "Na'am, Baba? Sake faɗa."

Ta dawo kan wayar ta ce, "Ya ce, zo."

Na ce, "Shi ke nan abin da ya ce?"

Ta ce, "Shi ke nan."

Bai ce ya yafe ba. Bai ce bai yafe ba. Ya ce in zo.

Na riga na haɗa jaka. Inna ta ce in bari a tambayi lafiyar hanya tukuna, na ce mata a tambaya ina cikin mota. Gobe da sassafe in Allah ya yarda ina tashar Suk al-Shabi, duk motar da ta nufi kudu ita zan hau. Nafisa ta ce daga inda kwalta ta ƙare sai an shiga kwalekwale. Ko da rarrafe ne zan ƙarasa.

Na rubuta wannan a fili ne saboda a fili aka kore shi. Duk wanda ya yi aiki da mu a Alshajara, in kana raye kana karanta wannan, ka sani Bashmuhandis Haruna bai ɓata na'ura ba, gyara ta ya yi. Akwai gidajen masunta da ba a yi zaman makoki a cikinsu ba saboda shi, su kansu ba su sani ba. Mai zagina ya zage ni a ƙasa, ba zan goge ba.

Murna nake yi, wallahi murna nake yi, har na kasa zama wuri ɗaya. Tsoro kuma nake ji.

Ya Allah, Kai da Ka ɓoye bawan nan Naka a bakin kogi duk tsawon wannan fitina, Ka tashi kafaɗarsa. Ka sake masa harshensa. Ka saka wa Nafisa da waɗanda suka ɗauke shi da gidan Aljanna. Ka jiƙan waɗanda muka binne da gaske, Ka bayyana waɗanda har yau ba a san inda suke ba.

Ku kuma, don Allah kar ku danna alamar zuciya ku wuce. Duk wanda ya kai ƙarshen rubutun nan ya ɗaga hannu ya roƙa masa lafiya da sunansa, Haruna ɗan masunci. Ni kuma abu biyu kawai za ku roƙa mini: in same shi da rai, in kuma na durƙusa gaban katifarsa, Allah ya sa ya juyo ya dube ni.